Kingda Ka: Me ya sa aka rushe lilon da ya fi kowanne tsayi a duniya?

Da sassafen Juma'a, 28 ga Fabrairu 2025, mazauna garin Jackson da ke jihar New Jersey a Amurka suka ji ƙarar fashewa a jere. Cikin 'yan daƙiƙoƙi, wata koriyar hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 139, wadda ta shekara 20 tana leƙo kan bishiyoyin yankin, ta karkata ta kife ƙasa, ƙura ta turnuƙe. Masu hasumiyar, wato kamfanin wuraren shaƙatawa na Six Flags, su ne da kansu suka ɗauko ƙwararru suka ɗaura mata nakiya a ƙafafu.

Sunan abin Kingda Ka, kuma har ranar da ya yi gudunsa na ƙarshe babu lilo irinsa a duniya da ya kai shi tsayi. Bidiyon faɗuwarsa ya zaga intanet, kuma tambaya ɗaya ce ta yi ta maimaituwa a ƙarƙashinsa: yaya za a yi kamfani ya kashe dala miliyan 25 ya gina abin da ya fitar da sunansa a duniya, sannan ya wayi gari ya tarwatsa shi? Bai kashe kowa ba. Hukuma ba ta hana shi aiki ba. A ma'aunin irin waɗannan injuna ma bai tsufa ba, domin a birnin New York akwai wani na katako mai suna Cyclone da aka buɗe tun 1927, yana kuma ɗaukar mutane har yanzu. Amsar tana cikin injin da ke harba jirgin, da kuma littafin lissafin kamfanin da ya mallake shi.

## Wane irin lilo ne wannan?

Abin da Turawa ke kira roller coaster ba shi da tsayayyen suna a Hausa. A nan za a riƙa ce masa jirgin lilo: 'yan taragai ne a haɗe, mutane na zaune a ciki an ɗaure su, suna gudu a kan dogon ƙarfe ko na katako da ke hawa, ya sauko, ya murɗe. Taragan ba su da inji a jikinsu. Ƙarfin da aka ba su a farkon tafiya shi ne jarinsu har su tsaya.

Hanyoyi biyu ne ake ba su wannan ƙarfi. Ta gargajiya ita ce sarƙa: ta ja jirgin a hankali zuwa ƙololuwar tudu, ta sake shi, nauyinsa ya gangaro da shi. Ta biyu ita ce harbawa: jirgin yana tsaye a miƙaƙƙen layi, sai wani inji ya cilla shi kamar dutse daga gwafa, gudun da ya samu ya hau da shi tudun. Kingda Ka na cikin rukuni na biyu, kuma injinsa na haidurolik ne, wato mai aiki da matsin mai, dangin abin da ke ɗaga bayan tifa ko hannun katafila, sai dai girman ya wuce misali.

Masu sha'awar harkar suna da sunayen da suke kasa jiragen bisa tsayi. Wanda ya haura ƙafa 200 suna ce masa hyper, wanda ya haura 300 giga, wanda ya haura 400 kuma strata. A tsawon rayuwar Kingda Ka, jirage biyu ne kacal masu cikakken zagaye suka shiga ajin ƙarshe: shi da Top Thrill Dragster na wurin shaƙatawar Cedar Point a jihar Ohio. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su duka, wato Intamin mai tushe a Suwizalan da Liechtenstein, tare da lissafin ofishin injiniyan nan Bajamushe Werner Stengel.

## Daƙiƙa 28

Mutum 18 ke shiga jirgi ɗaya. Bayan an sauko musu da maɗaurin kafaɗa, jirgin ya fita tasha a hankali ya tsaya a bakin wani miƙaƙƙen layi, hasumiyar na can gaba kamar an kafa tsani zuwa sama. Sai ya ɗan ja da baya kaɗan, a ji ƙaras: ƙugiyar da ke ƙarƙashin dogo ta kama shi. Faranten birki da ke jere a kan layin su nutse ƙasa. Daga nan babu sauran magana. Cikin daƙiƙa uku da rabi jirgin ya tashi daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 206 a awa. Abin da ke danna fasinja a jikin kujera a wannan lokaci ya haura nauyin jikinsa sau ɗaya da rabi, iska kuma na tura masa kumatu baya.

Jirgin ya miƙe sama tsaye, ya ɗan murɗa, ya haye ƙololuwa a hankali kamar zai tsaya. Wannan shi ne lokacin da mai ƙarfin halin buɗe ido ke hango dajin New Jersey shimfiɗe a ƙasa. Sai faɗowa ta mita 127 yana jujjuyawa, sai wani tudu mai mita 39 da ke ɗaga mutum daga kujera, sai birki. Dogon duka mita 950 ne, tafiyar kuma daƙiƙa 28. Mutane kan yi awa ɗaya ko biyu a layi domin wannan rabin minti.

Don a gane tsayin: babbar dalar Giza ta Masar, a yadda take a yau, kusan kai ɗaya suke da hasumiyar.

Akwai wani lissafi da ke bayyana halin jirgin. Abin da aka cilla sama da gudun kilomita 206 a awa, in babu iska babu gogayya, iyakarsa kusan mita 167. Hasumiyar mita 139 ce. Ratar da ke tsakani ba ta kai mita 30 ba, kuma iska da gogayyar tayoyi ne ke cinye mafi yawanta. Shi ya sa in sanyi ya yi yawa, ko iska ta taso daga gaba, ko nauyin fasinjoji ya saɓa da abin da kwamfuta ta ƙiyasta, jirgin kan kasa hayewa, ya dawo da baya. An gina layin da sanin haka: da zarar jirgi ya wuce, faranten birkin maganaɗisu kan taso su jira shi. Abin mamaki, masu sha'awar lilo suna ɗaukar wannan dawowa da baya a matsayin sa'a, har akwai masu zuwa da fatan ta faɗo a kansu. Ga masu gudanar da wurin kuwa, ɓata lokaci ce da ƙarin tsawon layi.

## Gasar da ta haife shi

Ba a gina Kingda Ka don wani ya nema ba. Gasa ce ta haife shi. Daga ƙarshen shekarun 1980, manyan wuraren shaƙatawa na Amurka suka shiga tseren wane ya fi wane. Cedar Point ta buɗe Magnum XL-200 a 1989, na farko mai cikakken zagaye da ya haura ƙafa 200. A 2000 ta kawo Millennium Force mai ƙafa 310. A 2003 ta buɗe Top Thrill Dragster mai ƙafa 420 da gudun mil 120 a awa. Kamfanin da ke da Cedar Point a lokacin shi ne Cedar Fair, babban abokin hamayyarsa kuma Six Flags.

Six Flags na da wani babban wuri a Jackson mai suna Great Adventure, wanda aka buɗe a 1974, kamfanin ya saya a 1977. Wurin na tsakanin New York da Philadelphia, kasuwa mai miliyoyin mutane. A watan Satumba 2004 kamfanin ya sanar da cewa zai gina jirgin da zai ɗara na Ohio: ƙafa 456 (mita 139) maimakon 420, mil 128 (kilomita 206) a awa maimakon 120. Tsarin kusan ɗaya ne, sai ƙarin tsayi da ƙarin tudu guda a ƙarshe. An buɗe shi ga jama'a ranar 21 ga Mayu 2005, a wani sabon sashe mai adon dazuzzukan Asiya da aka sa wa suna Golden Kingdom, har da damisa mai ratsi mai suna ɗaya da jirgin.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin. A yawancin wuraren wasan da ake kai yara ranar Sallah a garuruwanmu, kowane lilo da kuɗinsa, mai wuri ya san abin da kowanne ya kawo da yamma. A manyan wuraren Amurka kuɗin ƙofa ake biya sau ɗaya, ko a sayi tikitin shekara, a hau duk abin da aka ga dama. Ma'ana, Kingda Ka ba shi da kuɗin hawa nasa na kansa. Aikinsa shi ne ya jawo mutum daga gida zuwa ƙofa. Talla ce ta ƙarfe. Ribarsa ƙiyasi ake yi, amma abin da yake ci na gyara, wuta da ma'aikata a rubuce yake baƙi da fari kowane wata.

Kuma an gina shi ne a lokacin da Six Flags ke iyo a bashi. A ƙarshen shekarar da aka buɗe shi masu hannun jari suka yi wa shugabannin kamfanin juyin mulki, sabbin da suka zo suka ce hankalinsu ya fi karkata ga iyalai masu yara fiye da matasa masu neman tashin hankali. A watan Yuni 2009 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashin da ya kai kusan dala biliyan 2.4, ya fito a 2010 bayan an sake fasalinsa. Kingda Ka na cikin manyan abubuwa na ƙarshe da wancan zamanin na kashe kuɗi ba ƙaƙƙautawa ya bari.

## Injin da ya ɗaga shi, shi ya kayar da shi

A wani ɗaki da ke ƙarshen layin harbawa akwai famfuna da ke tura mai cikin manyan tulunan ƙarfe. A cikin tulunan akwai iskar naitirojin, man na matse ta har ta zama kamar naɗaɗɗen sifirin. Idan lokacin harbi ya yi, a buɗe bawul, man ya fito da ƙarfi ya juya jerin injuna da ke kewaye da wata ƙatuwar ganga. Gangar ta naɗe igiyar ƙarfe, igiyar ta fizgi ƙugiyar da ke riƙe da jirgi. A ƙololuwar aikinsa ƙarfin ya haura na dawaki 20,000, a cikin daƙiƙa uku da rabi, sannan a sake tara shi domin jirgi na gaba.

A 2005 wannan na cikin hanyoyi ƙalilan da ke iya ba da irin wannan gudu a gajeren fili. Amma duk bakanike ya san matsalar abin da ke da sassa masu motsi da yawa. Igiya na gogayya, tana cinyewa, dole a riƙa canza ta. Bawul da tiyo da roba suna zubar da mai. Na'urorin sa-ido barkatai ne, kuma in ɗaya ta ga abin da bai yi mata ba, komai ya tsaya. Ruwan sama kaɗan ya isa a rufe, domin ɗigon ruwa a wannan gudu kamar tsakuwa yake a fuska. Iska mai ƙarfi ma haka.

Tun ba a je ko'ina ba aka ga alama. A watan Yuni 2005, ƙasa da wata ɗaya da buɗewa, wani noti ya karye a cikin kwararon da igiyar ke bi, abin ya lalata sassan layin harbawa, aka rufe jirgin har farkon Agusta, wato tsakiyar kakar da aka gina shi dominta. A 2009 aradu ta faɗa masa a watan Mayu, bai dawo aiki sosai ba sai Agusta. Tsakanin waɗannan manyan, ƙananan tsayawa sun zama ruwan dare, har masu zuwa wurin suka saba da duba ko yana aiki kafin su kama hanya.

'Yan uwansa ma ba su tsira ba. Igiyar Top Thrill Dragster ta tsintsinke a 2004, ɓarɓashin ƙarfe ya ji wa fasinjoji ciwo. Ta Xcelerator da ke California, wanda shi ne na farko a wannan fasaha tun 2002, ta tsinke a 2009 da mutane a ciki. Mafi muni shi ne na watan Agusta 2021, lokacin da wani guntun ƙarfe ya ɓalle daga jikin jirgin Top Thrill Dragster ya sami wata mata da ke tsaye a layi a ka, ta samu mummunan rauni. Wannan ba laifin injin harbawa ba ne, amma jirgin bai sake aiki a tsohuwar siffarsa ba.

A 2014 aka maƙala wa hasumiyar Kingda Ka wani lilo na daban mai suna Zumanjaro, wanda ke ɗaga mutane ƙafa 415 ya sako su. Dabara ce ta cin moriyar ƙarfen da ke tsaye. Sai dai shekaru da dama ba a yarda su biyun su yi aiki a lokaci guda ba, ɗaya sai ya jira ɗaya, layi ya ƙara nauyi.

A gefe guda fasaha ta yi gaba. Injunan maganaɗisu, waɗanda ke tura jirgi da wutar lantarki ba tare da igiya ko wani abu ya taɓa shi ba, sun ƙara ƙarfi da araha. Intamin da kansa ya koma kansu: Red Force da ya gina a Sifen a 2017, mai mita 112, siffar Kingda Ka ce da injin maganaɗisu. Injin da masu ƙera shi suka daina yayi kuwa, kayan gyaransa tsada suke ƙarawa, masu iya shi kuma raguwa suke yi.

Kambun ma ya fara zubewa. A watan Nuwamba 2010 Formula Rossa na Abu Dhabi ya karɓe na gudu da kilomita 240 a awa. Na tsayi ya rage, shi ma an san kwanansa ƙidayayyu ne, tunda Saudiyya ta riga ta fara gina Falcons Flight a Qiddiya kusa da Riyadh, wanda aka tsara ya zarce kowa a tsayi da gudu da tsawon dogo. Wurin da aka gina shi kuma sunan Six Flags yake ɗauke da shi.

## Kishiyoyi sun zama gida ɗaya

Ranar 1 ga Yuli 2024 Cedar Fair da Six Flags suka kammala haɗewa suka zama kamfani ɗaya mai wuraren shaƙatawa 42 a Amurka, Kanada da Meziko. Sunan Six Flags aka riƙe, amma shugaban Cedar Fair, Richard Zimmerman, shi ya hau kujerar gudanarwa. An yi wa masu hannun jari alkawarin amfanin da ya kai dala miliyan 200, mafi yawansa daga rage kashe kuɗi.

Wannan ya canza matsayin Kingda Ka ta fuska biyu. Na farko, dalilin gina shi ya mutu: an yi shi ne don a doke Cedar Point, ga shi yanzu aljihu ɗaya ne. Na biyu, mutanen da suka karɓi ragama su ne waɗanda suka sha wahalar ɗan'uwansa na Ohio. Sun riga sun gwada hanyar ceto: suka ɗauko kamfanin Zamperla na Italiya ya cire injin haidurolik, ya sa na maganaɗisu, ya ƙara hasumiya ta biyu, aka sake masa suna Top Thrill 2. An buɗe shi a watan Mayu 2024, ya yi kusan mako guda, aka rufe saboda matsala a jikin taragai, bai sake buɗewa ba sai 2025. Wato a daidai watannin da ake yanke hukunci kan Kingda Ka, gwajin ceton na zaune a rufe bayan an zuba masa kuɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Jita-jita ta fara yawo a kaka ta 2024, kamfanin ya yi gum. Ranar Lahadi, 10 ga Nuwamba, masu sha'awa suka yi dafifi bisa zato kawai, suka yi layi har dare. Sai ranar Alhamis, 14 ga wata, sanarwa ta fito: Kingda Ka ya gama, tare da Zumanjaro, da wani jirgin mai suna Green Lantern, da wasu tsofaffin liluka. Kamfanin ya ce jirgin ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 12, kuma za a share filin ne domin wani sabon jirgin harbawa da zai kafa tarihi, a cikin shirin zuba fiye da dala biliyan ɗaya a wurarensa cikin shekaru biyu.

Wannan adadi na miliyan 12 ya cancanci a tsaya a kansa. In aka raba shi a kaka 20, ya kama kusan 600,000 a shekara. A takarda an tsara jirgin ya iya ɗaukar mutum 1,400 a awa. Da a ce yana cika wannan, awa 430 kawai zai yi ya gama aikin shekara. Babu jirgin da ke cika lissafin takarda, amma ratar na nuna yawan lokacin da ya tafi a rufewa, jira da gyara.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Hujjar masu goyon bayan matakin ba ta da sarƙaƙiya. Kuɗin gyara iyaka gare shi, kuma duk dalar da ta tafi kan jirgin da mutum sai ya kai santimita 137 kuma yana da ƙarfin zuciya zai hau, an hana ta wani abu da iyali duka za su mora. A wuri ɗaya akwai Nitro, jirgin sarƙa da aka buɗe a 2001, wanda ya girmi Kingda Ka da shekara huɗu, yana ɗaukar mutane da yawa kuma ba ya yawan tsayawa. Suna ƙarawa da cewa rufe abu kafin ya yi ɓarna ya fi rufe shi bayan ya yi, musamman da abin da ya faru a Ohio a 2021 a gaban ido.

Masu adawa sun kasu biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai masu ganin rushewar kanta kuskure ce: a cewarsu Kingda Ka ne dalilin da ya sa mutum zai taso daga Turai ko Japan ya nufi wani ƙaramin gari a New Jersey, kuma darajar suna ba ta fitowa a takardar kuɗin gyara. Suna nuna cewa wasu jiragen haidurolik, kamar Stealth a Ingila da Storm Runner a Pennsylvania, na ci gaba da aiki. Amsar da ake ba su ita ce waɗancan ƙanana ne, wahalar da injinsu ke sha ba ta kai ta Kingda Ka ba.

Kashi na biyu, waɗanda suka fi yawa, sun yarda cewa kwanansa ya ƙare, abin da ya ɓata musu rai shi ne yadda aka yi. A al'adar harkar, ana sanar da rufe babban jirgi da wuri domin mutane su zo bankwana. Cedar Fair da kanta ta yi haka ga Vortex a Kings Island a 2019, da Wicked Twister a Cedar Point a 2021. Ga jirgi mafi tsayi a duniya kuwa, sai da aka kashe wuta aka ce ya tafi. Wasu masu lura na ganin tsoron kamfanin shi ne ya yi alkawarin ranar bankwana injin ya ba shi kunya, ko cunkoso ya fi ƙarfin jirgin. Ko da haka ne, ta fuskar kasuwanci ma shirun na da wuyar karewa, domin makonnin bankwana tikiti suke sayarwa. A wannan gaɓa hujjar masu ƙorafi ta fi ta kamfani nauyi, ko da a batun rushewar kanta lissafi na tare da kamfanin.

## Wa abin ya shafa?

Na farko su ne masu tikitin shekara. Ana fara sayar da na shekara mai zuwa tun ƙarshen bazara, don haka da yawa sun biya na 2025 kafin su san cewa liluka da dama ba za su dawo ba. Tikitin izinin shiga ne kawai, ba ya ɗauke da alkawarin wani lilo takamaimai, saboda haka mai saye ba shi da abin kamawa sosai. Wurin ya buɗe sabon jirgi mai suna The Flash: Vertical Velocity a 2025, amma ƙarami ne, ba a ma yi da'awar cewa magaji ne ba.

Na biyu ma'aikata. Rushe jirgi ɗaya ba ya korar mutane da yawa, amma alama ce ta abin da ke tafe. A 2025 kamfanin ya sanar da rage kusan kashi 10 cikin 100 na ma'aikatansa na dindindin, ya soke muƙamin shugaban kowane wuri, sannan ya rufe Six Flags America da ke jihar Maryland baki ɗaya a farkon Nuwamba. Ga garuruwan da ke dogaro da irin waɗannan wurare domin aikin bazara na matasa, da cinikin otal, gidan mai da gidan abinci, wannan ya fi faɗuwar hasumiya muhimmanci.

Na uku batun tsaro, inda ake yawan fahimtar abin a baibai. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta duba lilukan da ke kafe a wuri ɗaya. Tun 1981 aka bar wannan ga jihohi, kowace da dokarta. New Jersey na cikin masu sa ido da kyau, kuma ba ita ta rufe Kingda Ka ba. Yawan tsayawar da ya yi suna da shi ma, akasari na'urorin kariya ne ke yin aikinsu. Abin da fasinja zai gani nan gaba shi ne jirage masu injin maganaɗisu, waɗanda kan tura jirgi sau biyu ko uku, gaba da baya, kafin ya kai ƙololuwa. Sun fi jure aiki, tafiyar ta fi tsawo, amma wannan fizga guda ɗaya mai ɗauke numfashi ba ta nan, kuma waɗanda suka hau duka biyun suna cewa bambancin a fili yake.

Akwai kuma sauyin taswira. Gasar tsayi da gudu da aka shekara kusan 20 ana yi tsakanin Ohio da New Jersey da California ta koma yankin Gulf, inda gwamnatoci ke gina irin waɗannan abubuwa a matsayin jarin jawo baƙi, ba tare da matsin masu hannun jari da ke duba riba duk wata uku ba. Falcons Flight, wanda Intamin ɗin ne dai ya ƙera shi, an tsara shi da gudun kilomita 250 a awa da dogo mai tsawon fiye da kilomita huɗu, da injin maganaɗisu. Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, jirgin lilo mafi girma a duniya yanzu ya fi kusa da hanyar Umara fiye da hanyar New York.

A Jackson kuwa, an yayyanka ƙarfen hasumiyar an kwashe a matsayin gwangwan. Magajin da aka ce zai buɗe a 2026, a tsakiyar 2025 kamfanin ya sanar da cewa an ɗaga shi zuwa gaba.